Biko ta Wayar Iska

Ana gab da kwashe mu daga gungunmu, a shekarar da ruwan Kainji ya fara hawa, Illo ya dawo daga sansanin masu gina madatsa da akwatin katako a ka da sabon suna a baki: Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa a hanya. Aikin da ya yi a can, a bakin waɗanda suka gan shi, riƙon tsani ne. Akwai wani Bature mai son hira da mutanen ƙasashen nesa ta wayar iska, duk lokacin da zai hau gyaran eriya Illo ke riƙe masa tsani. Da Baturen zai tafi ya tattara tarkacen da ba ya so ya zuba a akwati, Illo ya yi wuf ya ɗauke.

"Shi ka hawa, ni ka gwada mishi inda zai taɓa," in ji Illo. "Da na saki tsanin nan, da yanzu babu madatsa."

Ranar tashi, jirgin Mamuda mai fito ya cika maƙil, wurin kaya ɗaya ya rage. Ko akwatin Illo, ko dutsen niƙan matarsa Hansatu, wanda ta gada wurin innarta, innar ma gadonsa ta yi. Hansatu ta riga ta ƙetare da sauran mata. Illo ya dubi dutse, ya dubi akwati, ya ce dutse ba ya gudu, a dawo masa gobe. Dutsen kam bai gudu ba. Yana nan har yau inda aka bar shi, da ruwa tsawon giginya a kansa.

Hansatu ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ban tsoro. Ta kwana a sabon gidan da aka ba su a gefen Wara, da gari ya waye ta ƙulle zannuwanta ta shiga jirgi, ta tafi tungar mahaifinta Ɗangana, wanda aka sauke a ɗaya gaɓar. Amma ta bar babbar tasarta ta aure a kan jere, a goge tana ƙyalli. Duk macen da ke garinmu ta gane maganar: matuƙar tasar nan na ɗakin, ƙofa a buɗe take, a zo a ba ta haƙuri ta dawo. Illo ma ya ga tasar. Shi abin da ya gani ƙarfe ne mai kyau.

Ba a jima ba Mamuda ya kawo saƙo daga ƙetare. Ya sami Illo a rumfar ƙofar gida yana jera wayoyi a tabarma.

"Surukinka ya ce a gaishe ka. Ya ce ka zo biko kamin a cire albasa. In an cire ba ka zo ba, zai aiko a kwashe kayan ɗiyatai, magana ta ƙare."

"Biko?" Illo ya ɗago. "In ƙetare wanga ruwa in je in durƙusa gaban mutane? Mamuda, zamani ya wuce nan. Daga inda nike zaune zan yi magana, ta ji, ta dawo."

"Da ihu?"

"Da ilimi."

A nan ya kamata in faɗi abin da kowa ya sani ba a faɗa. Illo ɗan gungu ne, a tsakiyar ruwa aka yanke masa cibiya, amma tun da kogi ya zama teku bai sake taka jirgi ba. Ranar ƙaura ma a kwance ya ƙetare, ya rungume akwati, ido a rufe. Ya ce lissafin zurfin ruwan yake yi.

Cikin akwatin akwai wata 'yar na'urar aika magana, wadda muryarta ba ta wuce daga ɗaki zuwa turken awaki. Akwai kuma wasu 'yan kwalabe masu ƙafafun ƙarfe, irin na cikin rediyon da, waɗanda ke yin ja idan sun ɗau zafi. Dabarar Illo ita ce ya haɗa kwalaben nan su zama akwatin ƙara ƙarfi, su ɗauki 'yar muryar su kumbura ta har ta ƙetare ruwa. Ya ce ya ga yadda ake yi sau da yawa. Ya gani kam, daga ƙasan tsani.

Matsala ta farko wuta ce. Wutar da aka nutsar da garinmu dominta an ce za ta bi manyan turaku ta tafi birane, mu ko sallama ba za ta yi mana ba. Illo ya tafi Yelwa ya dawo da batir da dainamon wata matacciyar mota. Sai kuma abin da zai juya dainamon. Keke ɗaya ne a unguwar, na Malam Andarawus malamin makaranta, mutum mai haƙuri wanda bai iya cewa a'a ba. Rediyo ma ɗaya ne, nasa ne. Matarsa Rahila kuwa ta iya cewa a'a da hanyoyi masu yawa, amma ranar tana kasuwa. Da ta dawo ta tarar da keken mijinta a kife, ƙafafu sama, an ɗaura masa igiya zuwa dainamo, mijin kuma yana tsugune yana juya feda da hannu.

"Malam, mi kaka yi?"

"Ina taimakon kimiyya."

"Kimiyya ta ci abinci? Don kai ba ka ci ba."

Matsala ta biyu, kwalaben na son a dasa su a kan faranti na ƙarfe. Illo ya shiga ɗaki ya fito da tasar Hansatu, ya kife ta, ya ɗauko ƙusa da guduma. Rahila ta hango shi ta kan danga ta saki muciya.

"Injiniya! Tasar aure ta hwa!"

"Ita tas so a yi aikin da ita, shi yas sa tab bar ta."

"Ta bar ta don ka je ka ɗauko mai ita."

"To ai ɗauko ta nika yi."

Ya buga ƙusa. Ramin farko bai dace da ƙafafun kwalba ba, ya buga wani kusa da shi. Shi ma bai dace ba. Kafin la'asar gindin tasar ya zama huda-huda, rana na ratsawa ta yi zane a ƙasa. Mamuda ya tambaye shi amfanin sauran ramukan, ya ce na shan iska ne, kwalabe ba sa son zafi. Da aka ce ai ɗazu ya ce sai sun yi zafi suke aiki, ya ce zafi iri biyu ne, kuma bayanin ya fi ƙarfin mai tuƙin jirgi.

Liƙin waya da dalma ya ci kwanaki, ya ci gefen rumfa ɗaya da rabin gemun Illo. Ƙarfen liƙin a garwashi yake gasa shi, in ya gama sai ya soke shi a jikin zana don kada ya ɓata. Da muka kashe wutar ya tsaya yana duba ɓarnar hannu a baya, ya ce madalla, dama yana son ƙarin haske a wurin.

Sai eriya. Ya ja doguwar waya daga kan ɗakinsa zuwa wata kanya a bakin ruwa. Wannan karon shi ya hau, Mamuda ya riƙe tsani, yana kuma gaya masa inda zai taɓa, abin da bai yi wa Illo daɗi ba ko kaɗan. Washegari aka wayi gari eriya ta yi lanƙwasa har ta kusa taɓa ƙasa. Matan unguwa sun ga igiya mai tsawo a rana, sun shanya zannuwa a rabi, masunta sun rataya kifi a ɗaya rabin. Shirwa ta cika sama. Illo ya fito ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Kun gani? Tsuntsu shi ka hwara jin wayar iska. Tun ban kunna ba."

"Ragon ruwa su ka ji," in ji Mamuda, yana cire kifinsa.

Ranar gwaji rabin gari ya taru. Malam Andarawus ya juya feda, kwalabe suka fara ja a hankali a kan tasar, mutane suka zuba ido don gaskiya abin yana da kyau. Illo ya ajiye rediyon Malam dab da na'urar, ya kunna, ya ɗauki abin magana ya gyara murya. Kafin ya ce uffan rediyon ya kurma wani irin ihu mai tsini da ya shiga haƙoran kowa. Yara suka watse. Jakin Garba mai itace ya amsa daga bayan masallaci, jakunan unguwar coci suka karɓa, abin ya zagaye gari.

"An amsa," in ji Illo.

"Daga ina?" in ji Rahila.

"Da alama daga nesa na."

"Daga bayan masallaci na. Na san muryatai."

Illo ya ce wata waya ce ta saki, ya sa Malam ya daina juyawa, ya zura hannu ƙarƙashin tasar don gyarawa. Abin da bai koya ba daga ƙasan tsani shi ne, irin wannan na'ura tana ɓoye wuta a cikinta ko bayan an kashe ta. Muka ji ƙas! Illo ya tashi sama ba shiri, ya sauka da baya cikin kwandon busasshen barkonon Rahila. Ya zauna a ciki ido na ruwa, sauran rabin gemun a miƙe.

"Akwai wuta," ya ce. "Abin da niz zo dubawa ke nan."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ganyen albasa ya fara kwanciya a fadama, alamar cira ta kusa. Illo ya rame. Babban yatsansa na hagu ya bayyana a naɗe da tsumma, ya ce raunin aikin lantarki ne. Da hantsi kuma ana jin wata ƙara daga bayan gidansa, ƙwas, ƙwas, kamar ana sara dutse, ya ce gwajin sirri ne, kada kowa ya leƙa. Rahila ta ce to, ta je ta leƙa.

Abin da ya ba mu haushi duka, na'urar ta zo ta yi aiki. Ko hannun Illo ne ya yi kuskure ya haɗa daidai, Allah masani. Mamuda ya ɗauki rediyo ya shiga jirgi ya yi nisa cikin ruwa, ya dawo ya rantse ya ji tarin Illo raɗau, har da kakin. Illo ya sa babbar rigarsa ya zagaya kasuwar Wara yana karɓar gaisuwar da ba a yi masa ba. Ya sanar cewa ranar Juma'a da hantsi Hansatu za ta ji umarninsa ta iska.

Da yamma muna zaune a sauran rumfar, Rahila ta zo karɓar kwanonta, don tun tafiyar Hansatu ita ke ba shi tuwo. Ta tsaya ta dubi kwalaben.

"Injiniya, in tambaye ka. Da mi za ta ji ka?"

"Da kunne."

"Gidan Baba Ɗangana babu rediyo. Tungar dut babu."

Na ga abin ya shigi Illo, amma bai bari ya zauna ba.

"Na sani. Shi yas sa Mamuda zai kai musu na Malam."

"Ni?" in ji Mamuda. "Ran nan kai kam murɗa min shi kamin in tahi. In ya goce a jirgi ban san inda aka kamo ka ba. Kar in je in kamo musu masu goge su ce kai na."

"Malam ya kai."

"Wa ka juya keke?" in ji Malam Andarawus.

Illo ya yi tsaki ya miƙe. Ya ce wannan ita ce wahalar zama cikin marasa sani, komai sai mutum ya yi da kansa. Wurin da muryarsa take a jikin rediyo siriri ne kamar gashi, shi kaɗai ya san shi. Don haka shi zai ƙetare da rediyon, ya kamo musu tashar da hannunsa, ya tsaya a tsaye, a lura, a tsaye, su ji muryarsa tana zuwa ta kan ruwa.

Malam Andarawus, da yake malamin lissafi ne, ya ɗaga yatsa zai yi magana, Rahila ta taka masa ƙafa. Mamuda ya duƙar da kai yana gyara igiyar wando da ba ta kwance ba. Mu sauran muka ce wannan shawara ta yi, Allah ya kai mu Juma'a. Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa baki a kan abu ɗaya kamar ranar ba, Musulmi da Kirista da masu tsafi.

Ranar Juma'a Illo ya kunna na'ura, ya jingine abin magana a kan turmi, ya ja wa Malam kunne kada ya daina juya feda ko da me, kada kwalabe su huce. Sannan ya shiga jirgi da babbar riga, rediyo a ƙirji. Ni ma na shiga, don irin wannan ba a bari a ji a bakin wani. Tun ba mu bar ciyawar gaɓa ba ya zame ya kwanta a cikin jirgin.

"Lissahi?" in ji Mamuda.

"Tuƙa dai."

A tsakiyar ruwa wani kututture ya taso, Illo ya ce dorina ce, ya yi kalmar shahada, ya yafe wa duk wanda ya taɓa yi masa dariya. Da kututturen ya wuce ya janye yafiyar.

Mun tarar da mutanen tungar a ƙarƙashin wata ɗorawa suna gyara buhunan zuba albasa. Ɗangana na zaune a kan turmi, tsoho dogo mai magana a hankali. Hansatu na gefe cikin mata tana ɗinke bakin buhu, ba ta ɗago ba. Illo ya gaishe su a tsaye.

"Baba, ba biko niz zo ba. Na zo in gwada muku ci gaba."

"Madalla," in ji Ɗangana. "Aje shi nan mu gani."

Illo ya ɗora rediyo a kan buhu, ya zaro eriyarsa, ya ce kowa ya yi tsit, yanzu za su ji muryar Injiniya Illo tana tahowa daga Wara ba jirgi ba igiya. Ya murɗa a hankali. Shuuu. Ya ƙara murɗawa. Sai ga wata ƙara, ƙiƙi-ƙiƙi, ƙiƙi-ƙiƙi, kukan fedar keken Malam Andarawus, tas kamar a gabanmu. Illo ya ja da baya ya harɗe hannu. Muka jira. Keke na ta kuka. Wata akuya ta zo ta shinshina rediyon ta wuce.

"Illo," in ji Ɗangana, "muryar wa kac ce za mu ji?"

"Tawa, Baba."

"To ga ka nan. Wa ka yi muna ita can?"

Na ga mutane sun sha mamaki a duniya, amma ban ga fuskar da ta sauka a hankali kamar ta Illo ba. Ya dubi rediyo. Ya juya ya dubi ruwan da ya ƙetaro. Ya sake duban rediyo, kamar zai iya lallashinsa. Kafin ya samo abin cewa sai rediyon ya yi magana da kansa, da muryar Rahila.

"Malam, kana ganin sun isa?"

"In bai hwaɗa ruwa ba," in ji muryar Malam Andarawus, yana haki.

Har gobe Rahila na rantsuwa ba ta san ana jin ta ba. Ni dai ban taɓa jin macen da ke hira da mijinta tana fitar da kowace kalma ɗaya bayan ɗaya, da tsayawa a tsakani don masu saurare su gama dariya ba.

"Bawan Allah," in ji ta. "Tun da Hansatu tat tahi bai kunna murhu ba. Sau ɗaya yag gwada dama kunu, kaji ma sunka ƙi sha. Kullum in na kai mishi tuwo sai ya ce miyata ba ta kai ta Hansatu ba, kuma ya cinye."

Matan tungar suka fara kyakyatawa. Illo ya kai hannu zai kashe, Ɗangana ya riƙe masa wuyan hannu ba tare da ya dube shi ba.

"Bari. Yanzu labarai sunka hwara daɗi."

"Kuma wanga yatsa da shika cewa lantarki na," in ji Rahila, "ƙarya ta. Na leƙa. Wani ƙaton dutse yag gangaro daga tudu shi kaɗai, ya ɓoye bayan ɗaki, shina sassaƙa mata dutsen niƙa. Bai iya ba. Dut ya karkace. Guduma tak kwashe mishi yatsa. Na ishe shi zaune gaban dutsen shina kuka, shina cewa da ya sani da akwatin yab bari."

Dariya ta tsaya. Hansatu ta daina ɗinki, allura a hannu. Ta ɗago karo na farko ta dubi yatsan da ke naɗe da tsumma, Illo ya yi sauri ya tura shi cikin aljihu. Na ji tausayinsa, ban ɓoye ba, don mutum ya fi son a kama shi da sata da a kama shi da irin wannan a gaban surukai.

"Abin da ban san yadda za a gaya mata ba," Rahila ta ci gaba, "shi na zancen tasa."

"Rahila, bar zancen tasa," in ji Malam.

"Ƙaƙa zan bari? Tasar aurenta, ya huda gindinta ya hi rariya."

Hansatu ta ajiye buhu. "Wace tasa?"

"Ana maganar wata tasa ta daban," in ji Illo.

"Babbar nan ta kan jere," in ji rediyo.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. Muka ji Malam ya ce yana jin ƙauri. Rahila ta ce ya daina juyawa, ya ce an ce kada ya daina ko da me. Sai fus, sai tas-tas kamar ana gasa gyaɗa, sai muryar Malam da ƙarfi, "Rahila, ruwa! Ba na tulun sha ba!" Sai ɗif. Rediyo ya koma shuuu. Muka juya gaba ɗaya muka dubi ƙetare, can wajen Wara wani siririn hayaƙi yana tashi, daidai inda sauran rabin rumfar Illo take.

Ɗangana ya miƙa hannu ya kashe rediyon da kansa, a murɗa ɗaya, ya mayar da eriyar ciki.

"To, Illo. Ci gaba ya ƙone. Ga ka, ga ta, babu ruwa tsakaninku. In kana da magana, baki ya rage."

Illo ya duba hagu ya duba dama. Mamuda na kallon sama. Jirgi na nesa, kuma ko yana kusa ba abin gudu zuwa cikinsa ba ne. Ya tattare babbar riga, ya sauka a kan gwiwa ɗaya, ya ce ƙafarsa ce ta gaji. Sai ɗayar ma ta gaji.

"Ki yi haƙuri," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

"Baba, ka ji wani abu?" in ji Hansatu.

"Iska dai nij ji."

"Ki yi haƙuri, Hansatu."

"Muryar ba ta iso nan ba. Mu bakin ɗorawa muke, da nisa."

Illo ya cika ƙirji. Abin da ya fito masunta da ke cikin ruwa sun ce sun ji shi, kuma ba su da rediyo. "Ki yi haƙuri! Dutsen innarki ni nib bar shi, ban kyauta ba! Tasa ma ni na! Gidan babu daɗi, ki dawo!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawa. Hansatu ta ɗauki buhunta ta ƙarasa ɗinkin bakinsa, ba gaggawa, ta cije zaren. Sannan ta miƙe ta shiga gida. Muka tsaya ba mai motsi, Illo na nan a durƙushe, gumi na bin wurin da gemu yake a da. Da ta fito da ƙullin zannuwanta a ka, Ɗangana ya ce a ba baƙi ruwa.

A hanyar dawowa Illo ya fara zamewa zai kwanta, Hansatu ta dube shi, ya zauna daram har gaɓa, ido a rufe.

Kwalabe sun fashe, dainamo ya ƙone, keken Malam Andarawus ya tsira da sirdi a babbake. Tasa kaɗai wuta ba ta yi wa komai ba. Hansatu ta ciro ta daga toka ta ɗaga ta sama, ta leƙa mijinta ta cikin ramukan ta daɗe. Ta wanke ta da toka da ɓawon shinkafa, ta shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin, ta ɗora a bakin tukunya ta turara dambu. Ba a taɓa yin madambacin da ya kai ta ba a unguwar. Kwanon farko gidan Rahila aka kai. Illo ya zagaya kasuwa yana cewa tun farko da dambu ya auna ramukan, wayar iska gwaji ce kawai.

Dutsen kuwa yana nan a tsakar gida, a karkace, gari na zubewa ta gefe ɗaya sai an tara ƙwarya. Bayan cirar albasa wani mai sayar da duwatsun niƙa ya zo daga wajen Shanga da jakuna, ya ga Hansatu na fama da shi, ya ce wane mugun ne ya sassaƙa wannan, ga masu kyau a zaɓa. Illo na zaune a sabuwar rumfa ya ji, ya taso.

"Kai, ba ka san aiki ba. Haka nit tsara shi."

Mai duwatsu ya dubi Hansatu yana jiran ta yi dariya. Ba ta ɗago ba. Ta gyara zaman ƙwaryar, ta ƙara hatsi, ta ci gaba da niƙa.

"Haka yat tsara shi," in ji ta. "Tahi da naka."